Babi na Bakwai: Ƙofar da Mai Gadinta Ya Yi Barci

A babin da ya gabata mun tsaya a kan batir da farantin hasken rana, da yadda ake haɗa su ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba. Yanzu kuwa, in Allah ya yarda, za mu gangara zuwa wata mas'ala wadda ta fi waccan ƙanƙanta a ido nesa ba kusa ba, har la'alla mai karatu ya ga ba ta isa a ware mata babi ba, alhali kuwa ita ce sababin lalacewar kaya da dama waɗanda ake ɗora alhakinsu a kan zafin rana, ko jabun kaya, ko hannun mai gyara. Mas'alar ita ce: mene ne hukuncin na'urar da wuta ta ɗauke mata, amma aka bar wayarta a jone da wata na'urar da ke kunne?

Ni dai na fara cin karo da ita a Karakara, ta wajen Dallol Mawuri, garin da yake ƙarƙashin Gaya ta Nijar kafin a yanke gundumar Junju a 2011, ran da ake walimar saukar Alƙur'ani ta wani ɗan kawuna. An ɗauko hayar kayan sauti, babban amfilifaya da lasifika biyu, aka ɗora su a kan ɗan injin wuta, wanda mutanen can ke kira gurup. Makirufon malami yana shiga wani ɗan akwatin haɗa sauti mai aiki da batir, daga nan waya ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi babban amfilifaya a ƙofar gida, ɗaya kuma ya bi ta zaure zuwa wata ƙaramar lasifika mai nata batir, domin mata su ma su sami rabonsu na wa'azi. Malam na tsakiyar bayani a kan falalar mahaddata sai man gurup ya ƙare, manyan lasifikoki suka yi tsit, wannan kuwa bai ba kowa mamaki ba. Abin mamakin shi ne yarinyar da aka aiko daga cikin gida ta ce muryar Malam ta shaƙe kamar ta mai mura: in ya yi ƙasa da ita a ji shi garau, in ya ɗaga sai ta dagule.

Kawu ya kira yaron da ya kawo kayan, ya ce, "Kai ɗana, mi ya sami ta cikin gida? Ba ka ce da batir take aiki ba?" Yaro ya ce, "Wallahi Baba, batir ɗinta cike yake, ban san mi ya taɓa ta ba." Ya bubbuga ta, ya sake makirufo, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, ba abin da ya sake. Can da zai ja babban amfilifaya gefe don a sami wurin zuba mai, ya zare wayar da ke bayansa, bai ko miƙe ba sai ga yarinyar da gudu, wai murya ta washe. Kawu ya daɗe yana duban akwatin nan da ba ko ɗigon haske a fuskarsa, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ashe matacce ma yana da hannu."

Bayan kwana uku na bi ta Gaya, na nemi maigidan yaron, wani dattijo mai gyaran radiyo a wata rumfa kusa da tasha, na ba shi labari. Bai ce komai ba sai da ya kwance kusoshin amfilifayan, ya hure ƙura, ya nuna mini da bakin sukudireba wata 'yar baƙar ƙwaya wadda tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, mai ƙafafu 16, da lamba 4052 a bayanta. Ya ce, "Malam, ga ɓarawon nan. Aisin ga, ko ba kuran yana sha." Kuran wuta ke nan a bakin mutanen can. Maganarsa daidai ce, ko da yake bai tsaya ba ni hujja ba, don masu jiran gyara sun cika benci. Hujjar ce za mu bi a hankali.

Wannan ƙwaya, wadda masu gyara ke haɗa ta da 'yan'uwanta su kira su aisi, za mu ce mata ƙofar sigina, domin aikinta ke nan: ta buɗe wa sauti, ko awon zafi, ko awon ƙarfin batir hanya ya wuce yadda ya zo, da hawansa da saukarsa, ko kuwa ta tare shi. A zamanin da, wanda yake son ya zaɓi tsakanin radiyo da kaset da makirufo, makunni yake murɗawa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe har ka ji ƙas; yanzu kuwa maɓalli ake latsawa, umurni ya tafi ga ƙwayar, ita ta yi zaɓin a cikinta ba tare da wani abu ya motsa ba. Asalin hikimar ta Frank Wanlass ce, wani masani a kamfanin Fairchild na Amurka, wanda a 1963 ya nuna yadda za a haɗa taransista biyu masu ɗabi'a kishiyar juna su yi aiki tare da wuta kaɗan ƙwarai. Salon nan shi ake kira CMOS. A 1968 kamfanin RCA ya fito da zuriyar ƙwayoyi masu lamba 4000, daga cikinta aka sami 4066 mai ƙafafu 14 da ƙofa huɗu, da 4051 mai zaɓen hanya ɗaya cikin takwas, da 4052 ɗin da dattijon nan ya nuna mini. Suna aiki da wuta daga bolt 3 har zuwa 18, ga su da araha, shi ya sa bayan fiye da shekara hamsin har yau ba ka rasa su ko jikokinsu a cikin amfilifaya, da talabijin, da mitar awo, da akwatin da ke daidaita cajin batir.

Kowace ƙofa a ciki taransista biyu ne a jere kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana buɗewa in aka ɗaga wutar da ke kansa, ɗayan kuwa sai an saukar da ita. To, a nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe wata ƙa'ida wadda duk babin ya rataya a kanta: taransista na biyun nan, wanda saukar wuta ke buɗewa, ba ya rufuwa sai in ana danne kansa da cikakkiyar wutar da ke ciyar da ƙwayar. Wato rufewar ma aiki ce, kuma aiki ne mai bukatar wuta. Makunnin ƙarfe, in ka raba bakinsa, ya rabu ke nan, ko shekara za ka yi ba ka nan. Wannan kuwa ƙyaure ne marar sakata, mai gadi ne ke tokare shi da kafaɗa, kuma abincin mai gadin shi ne wuta.

Kafin mu ga abin da ke faruwa in mai gadi ya yi barci, wajibi ne mu san cewa ko yana a farke ƙofar ba ta rufuwa ɗari bisa ɗari. Akwai ɗan yoyo da ba ya yankewa, kamar tsatsafon sabuwar randa, wanda masu ƙira ba su ɓoye shi, suna rubuta shi a takardar bayanin kowace ƙwaya. In ka raba amfa ɗaya gida dubu ka sami miliamfa, in ka raba gida biliyan ka sami nano'amfa. 4066, a yanayin zafi na digiri 25, an yi alkawarin yoyon rufaffiyar ƙofarta ba zai wuce nano'amfa 100 ba, galibi ma bai kai nano'amfa ɗaya ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san hukuncin ruwa a mazhabar Malikiyya, cewa abin da ya faɗa cikinsa ba ya fitar da shi daga tsarki muddin bai canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. Haka injiniya yake hukunta yoyo: abin dubawa shi ne ko ya canza siginar. Nano'amfa 100 in ya bi ta hanyar da tsaurinta om 10,000 ne, kuskuren da zai haifar milibolt ɗaya ne tak, wanda kunne ba ya ji a lasifika. Amma in hanyar ta om miliyan ce, irin ta wasu na'urorin awo masu laushi, kuskuren ya zama kashi ɗaya cikin goma na bolt, wannan kuwa ya isa ya mai da awo ƙarya.

Sai dai digiri 25 ɗin nan na ɗakin gwaji ne. Ƙa'idar da aka jarraba a kan silikon ita ce yoyo yana ninkawa biyu kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, kuma wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Gaya, inda inuwa kanta take haura digiri 40, ya san halin akwatin ƙarfe da aka rataye ƙarƙashin rufin kwano. In cikinsa ya kai digiri 65, an ninka sau huɗu ke nan, yoyo ya zama sau 16 abin da aka auna a can. Duk da haka wannan tsatsafo ne har yanzu, abin da ake yi wa afuwa a mafi yawan ayyuka. Na kawo shi ne domin mai karatu ya sami ma'aunin da zai gwada abin da ke tafe.

A bayan kowace ƙafa ta ƙwayar akwai wasu ƙananan ƙofofi biyu da ba a zana su a bayan akwati, ana ce musu dayod, ɗabi'arsu kuwa su bar wuta ta wuce ta fuska ɗaya, su hana ta dawowa. Ɗaya yana fuskantar layin wutar da ke ciyar da ƙwayar, ɗaya yana fuskantar layin ƙasa. Wasunsu da gangan aka dasa su, wasu kuma halittar taransistan ce ta zo da su. Dalilin dasa su kowa ya san shi ko bai san sunansa ba. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har leɓe yana tsagewa, ka yaye bargo cikin duhu ka ga tartsatsi yana tashi, ko ka kama ƙofar mota ta ɗan tsikare ka: wutar da ta taru a jikinka ke nan, tana iya kai bolt dubbai, alhali fatar da ke rufe kan taransistan da ƙyar take jure bolt 100. Da ba don dayod ɗin nan ba, da taɓawa ɗaya da yatsa a watan Janairu ta isa ta huda ƙwayar. Su ne ke kwashe wannan ambaliya su zubar da ita a layin wuta ko a ƙasa kafin ta isa ciki.

Misalinsu kamar ƙyaure ne mai buɗewa fuska ɗaya tsakanin ƙaramar magudana da babbar hanyar ruwa, irin na fadamun shinkafa na bakin kogin Kwara. Muddin babbar hanya a cike take, nauyin ruwanta ne ke danne ƙyauren daga baya, ruwan ƙaramar magudana ba ya iya ture shi sai in ya yi ambaliya ya fi na babbar tudu. Dayod na silikon yana buɗewa ne in gabansa ya ɗara bayansa da misalin bolt 0.6. In ƙwayar tana cin bolt 5, sigina sai ta haura 5.6 kafin ta ture ƙyauren, wannan kuwa ba ya faruwa a aikin yau da kullum. To, ran da babbar hanya ta ƙafe fa? Layin wuta ya sauka zuwa sifiri, ba abin da ke danne ƙyauren, saboda haka duk siginar da ta wuce bolt 0.6 sai ta tura shi ta kwarara cikin layin wutar na'urar da ake zaton a kashe take. Masu ƙira sun faɗi haka, amma da harshen da sai mai lura yake ganewa: sharaɗin da suka rubuta shi ne kada wutar da ke kan kowace ƙafa ta ɗara wutar ciyarwa da fiye da rabin bolt, kada kuma abin da ke shiga ya wuce miliamfa 10. Wutar ciyarwa in ta zama sifiri, iyakar halal ta zama rabin bolt ke nan.

Yanzu muryar Malam ta daina zama gaibu. Sautin da ɗan akwatin haɗawa ke fitarwa, in an ɗaga murya, ƙololuwarsa tana haura bolt ɗaya. Da gurup ya mutu, dayod ɗin 4052 suka zama kamar almakashi a kan wayar, duk abin da ya haura 0.6 sama ko ƙasa su datse shi. Da yake kuma reshen biyu waya ɗaya ce, abin da aka datse a ƙofar gida an datse shi a cikin gida. Ƙaramar murya tana wucewa ƙarƙashin almakashi lafiya, babba ce ake aske wa kai. Ƙaramar lasifika ba ta da laifi ko kaɗan, abin da aka ba ta shi ta faɗa.

Bari mu yi lissafi kaɗan, domin lissafi ya fi rantsuwa. A ce wata na'ura mai batir tana aika bolt 5 ta hanya mai tsaurin om 1,000 zuwa ƙafar ƙwayar da ba ta da wuta. Dayod ya ci 0.6 ko 0.7, saura wajen 4.3, abin da zai kwarara ke nan miliamfa 4.3. Gwada shi da nano'amfa 100 ɗin da muka ce shi ne iyakar tsatsafo, sai ka ga ya ninka shi sau 43,000. Wannan ya fita daga babin tsatsafo, gindin randar ne ya fashe. A yini da kwana zai sha miliamfa-awa 100 da 'yan kai, wato ɗan batir mai ɗaukar 1,000 zai ƙare cikin kwana goma ba tare da ya yi wa mai shi aikin komai ba, mai shi kuwa ya koma kasuwa yana zagin wanda ya sayar masa da batir.

Ruwan da ya shiga babbar hanya kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yana cika ƙananan ma'ajiyan wuta da ke kan layin, layin ya fara tashi, har in na'urar ba mai ci da yawa ba ce, siginar bolt 3.3 tana iya ɗaga shi zuwa wajen 2.7. A nan ake ganin abubuwan da ke sa mutum ya yi ta'awwuzi: 'yar fitilar akwatin da aka kashe tana ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe, sautin wata hanya yana leƙowa ta wata, ƙofar da aka bari a rufe ta buɗe da kanta, tun da taransistan da muka ce sai an danne shi ba mai danne shi. Mafi ban haushi shi ne abin da ke samun ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'urar. Ita an gina ta ne a kan ta farka daga farkon karatunta duk lokacin da wuta ta taso daga sifiri. In wutar ba ta taɓa sauka sifiri ba, tana nan tsakanin barci da farke, sai wutar gaskiya ta dawo ta same ta a rikice, ba ta san inda ta tsaya ba. Wannan shi ne sirrin akwatin da ke ƙin tashi bayan an dawo da wuta, sai an zare masa dukan wayoyi an bar shi ya huta sannan ya kama aiki kamar ba shi ba. Mutane sukan ce ya yi fushi. A'a, bai sami barcin kirki ba ne.

Duk waɗannan ciwo ne mai warkewa. Wanda ba ya warkewa shi ne sarƙewa. A cikin jikin ƙwayar CMOS, saboda yadda aka jera silikon iri biyu hawa huɗu, akwai wata ɓoyayyiyar hanya tsakanin layin wuta da layin ƙasa wadda ba wanda ya nufi gina ta, tana nan kwance ba ta motsi. Idan aka tura wuta mai yawa ta cikin dayod ɗin kariya, musamman a daidai lokacin da wutar ciyarwa take dawowa, hanyar nan tana iya buɗewa, in ta buɗe kuwa ita ke riƙe kanta a buɗe, wuta ta yi ta zuba daga sama zuwa ƙasa ba shamaki, ƙwayar ta yi zafi har ta ƙona yatsa. In an yi sa'a aka yanke wuta da wuri, ta dawo hayyacinta. In ba a yi ba, sai ƙauri. Ƙungiyar JEDEC ta masu ƙera irin waɗannan kaya tana da gwaji na musamman a kan wannan, inda ake tura wa ƙafa miliamfa 100 a ga ko za ta sarƙe, ƙwayoyin zamani kuma sun fi na da juriya ƙwarai. Amma lura da lokacin da abin ke aukuwa: lokacin dawowar wuta. Shi ya sa kusan kowa ke cewa wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona masa kaya, wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa wutar ta zo da ladabinta, ta tarar an riga an haƙa mata rami.

Mai karatu zai iya tambaya, in aibin ya kai haka, me ya sa masu ƙera kaya ba su damu ba? Amsata ita ce, wanda ya zana akwatin a Shenzhen ko Osaka, a zuciyarsa wuta ɗaya ce ke fitowa daga bango, ta kunna komai tare, ta kashe komai tare, kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Halinmu ba haka yake ba. Wani abin lura, shekarar 1968 da aka haifi zuriyar 4000, ita ce shekarar da aka gama madatsar Kainji a Nijeriya, ita ce kuma shekarar da aka kafa kamfanin NIGELEC a Nijar. Tun 1976 layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi ta Doso zuwa Yamai yake ɗauke da wutar yammacin Nijar, Gaya kuwa tata ta Kamba take shigowa. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya yake zuwa, saboda haka da aka yanke layin a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris 2024, sai kowane gida da kowane kanti ya koma haɗa na nan da na can. A 2022 an aza harsashin babban layin kilobolt 330 wanda aka tsara zai taso daga Birnin Kebbi ya rabu a Zabori, maƙwabciyar Karakara, reshe ɗaya ya nufi Yamai da Wagadugu, ɗaya ya gangara Malanbil a Benin. Amma ko wuta ta wadata a manyan layuka, gidan ƙauye zai ci gaba da rayuwa da faranti a kan rufi, da batir a ƙarƙashin gado, da gurup na ranar biki, da wayar hannu mai nata caji, kowanne da lokacin kwanciyarsa da na tashinsa, ga su kuma a ɗaure da juna da wayoyi. Abin da injiniyan can ya ɗauka nadiri ne, mu a nan shi ne al'ada. Abin da ya fi damuna ma ba lasifikar walima ba ne. Tunanina yana ga irin firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana a ɗakin shan magani na karkara, wanda na'urar da ke rubuta sanyinsa take da nata batir daban.

Magani kuwa yana nan hawa-hawa, mafi arharsa ba ya cin ko dala. Tartibi ne: a fara kunna mai karɓa kafin mai aikawa, in za a kashe a fara da mai aikawa, na'urar da ta mutu kuma a zare mata waya. Sai dai tartibi yana aiki ne in kai ke kashewa. Gurup ba ya sallama kafin mansa ya ƙare. Saboda haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda dattijon Gaya ya yi a gabana, ya yanke hanyar da ke shiga 4052, ya liƙa rezista mai om 10,000 da dalma a kowane reshe. Da wannan, bolt 5 ɗin lissafinmu ba zai tura fiye da rabin miliamfa ba, ƙwayar ta tsira daga sarƙewa, mai aikawa kuma ba ya jin nauyin almakashi. Kada dai a ce tun da 10,000 ta yi amfani bari a sa miliyan, domin mun riga mun ga yadda tsatsafo ke zama kuskure in hanya ta yi tsauri. Sauti yana haƙuri da wannan, awo ba ya yi. Wasu sukan ƙara wani dayod daga waje, irin wanda ake kira da sunan Walter Schottky na Jamus, mai buɗewa tun a bolt 0.3, domin ya riga na ciki ɗaukar kaya. Yana kare ƙwayar, gaskiya ne, amma a layin wuta yake zubar da abin da ya kwaso, saboda haka bai hana na'urar farkawa rabi da rabi ba, ga shi kuma da yawan yoyo in ya ji zafi.

Wanda zai ƙera sabon abu kuwa ba shi da uzuri, tun da yanzu akwai ƙwayoyin da aka gina musamman domin wannan hali, waɗanda in wuta ta ɗauke sai ƙafafunsu su toshe. TMUX1574 ta kamfanin Texas Instruments tana tare sigina har bolt 3.6 alhali ba ta da wuta, ADG5412F ta Analog Devices kuwa tana jure har bolt 55. Sun fi 4066 tsada, kuma ba kowace rumfa ake samunsu ba. In an rasa su, tsohon rile mai ƙarfe da maganaɗisu, wanda ke sakin bakinsa da zarar wuta ta tafi, har yau bai tsufa ba a wurin da rai ko dukiya suka rataya ga awo.

Kai kuma mai karatu, in kana da mitar awo, kana iya ganin ɓoyayyen ƙyauren nan da idonka. Samo 4066 wadda ba a jona ta da komai ba, ka murɗa mita zuwa alamar dayod, ka ɗora jan tsinke a ƙafa ta 1, baƙin a ƙafa ta 14, wadda ita ce ta wuta: za ka ga lamba tsakanin 0.5 da 0.7. Juya tsinken, mita ta nuna ba hanya. In kuma an kawo maka akwatin da ke ƙin tashi bayan ɗaukewar wuta, ko mai 'yar fitilar da ba ta mutuwa sarai, kada ka yi gaggawar kai ƙarfen dalma ga aisi. Zare dukan wayoyin da ke shigarsa, ka ƙirga sittin, ka ba shi wuta shi kaɗai, sannan ka mai da wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana lura da wadda za ta dawo da cutar. A babi na takwas za mu ɗauki tsawa, domin ƙasar Gaya ta fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, kuma dayod ɗin da ya iya da tartsatsin bargo ba zai iya da ita ba.